Amsa ga mai son zanen namun daji a bangon makaranta

Assalamu alaikum. Ɗan'uwanmu na unguwar Aboabo a Kumasi ya tambaya ko zana dabbobin da ke ƙarewa a bangon makaranta yana da amfani, da kuma dabbar da ya kamata ya fara da ita. Na daɗe ina koyar da zane a nan Kumasi, don haka zan faɗi abin da na gani.

Ƙanena, ka ajiye zaki da giwa tukuna, domin yaran zango a littafi suka san su, ko giwayen gandun dajin Mole da ke arewacin Ghana ma sun yi musu nisa. Ka fara da ungulu. Duk wanda ya tashi kusa da mahauta ya san yadda take cika rufin kwano a da, ana kora tana dawowa, amma yanzu ta yi wuyar gani, har a 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa irin tamu cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa, saboda guba da masu sayen kanta don tsibbu. Idan dattijo ya tsaya gaban zanenka ya ce wa jikansa, "Wai ina ungulayen nan suka shiga?", to bangon ya yi aikinsa. Haka ma aku, wanda bincike ya nuna Ghana ta rasa aƙalla kashi 90 cikin 100 nasa tun daga 1992, sakamakon kamawa don sayarwa da sare manyan itatuwan da yake sheƙa a kogonsu.

Sai dai dabba ita kaɗai a bango ado ce kawai, dole mai kallo ya ga abin da ya kore ta. A 2024 mai zanen nan Enil Art ya yi zane da ruwan kogin Pra, wanda galamse, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, ya mayar taɓo, kuma a ganina launin ruwan ya fi kowane jawabi ratsa zuciya. Kai ma kana iya zana dajin Atewa, inda kogunan Densu da Birim da Ayensu suke tasowa, ka ja Densu har madatsar Weija da mutanen Accra suke sha, ka sa motar haƙar bauxite, ma'adinin da ake yin alminiyam da shi, a bakin dajin.

Kafin ka ɗauki buroshi, ka zauna da shugaban makaranta da malaman unguwa, tunda wasu iyayenmu ba sa son hoton mai rai, musamman a bangon da ke fuskantar masallaci. Inda suka ƙi, ka zana kututture da sheƙar da ba kowa a ciki. Ka kuma yi amfani da fentin da ke jure damina.