Amsa ga mai son sayen fulat na ko-of a Bronx

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka ga ciki biyu da falo a Bronx da ke birnin New York na Amurka an gyara shi fes, farashin ya yi maka sauƙi, amma an ce ko-of ne. To ka sani ba ɗakin kansa za ka saya ba, hannun jari ne a kamfanin da ya mallaki benen gaba ɗaya, sai su ba ka takardar izinin zama. Shi ya sa yake da araha fiye da kondo, wato fulat ɗin da in ka saya ɗakin kansa ne ya zama naka.

Wahalar tana wajen kwamitin gidan. Za su nemi takardun harajinka da na banki, su kira ka intabiyu, kuma suna iya ƙin ka ba tare da sun faɗi dalili ba, wallahi ko banki ya riga ya amince maka da bashi. Yawanci sai ka ajiye kashi 20 cikin 100 kafin alƙalami, wasu ma suna so su ga sauran kuɗi a asusunka bayan ka biya. Ga kuɗin wata-wata, a ciki harajin gida da bashin benen suke, kuma yana hawa.

Zancen gyara kuwa kada sabon tayil da kabad ɗin kicin su ruɗe ka, buɗe ƙarƙashin sinki ka leƙa fayif, lauyanka ya bincika ko kwamiti da hukumar gine-gine sun yarda da aikin. In kana da niyyar zuwa gida ka daɗe ka zuba 'yan haya, tambaya tun yanzu, da yawansu ba sa bari.