Tambaya da Amsa: Sauya na'urar DVD zai gyara hoton ƙaramar talabijin?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Bara na sayi talabijin ta bango mai inci 32, irin mai sauƙin kuɗi, na haɗa ta da tsohuwar na'urar DVD da nake da ita tun zamanin talabijin mai ƙaton baya. Abin mamaki, faifan da a da yake fita garau yanzu dishi-dishi nake ganinsa. Wani mai shago a Babbar Kasuwa ya ce mini in sayi sabuwar na'ura mai tsada, hoton zai dawo tamkar na tauraron ɗan'adam. Shin gaskiya ne, ko kuwa asarar kuɗi zan yi? Daga wani mai karatu, Jekadafari, Gombe.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Maganar mai shagon tana da ƙamshin gaskiya, amma ba a tsadar na'ura gizo yake saƙar ba, kuma ba zan so ka fitar da kuɗinka kafin ka san abin da kake saye ba.

Hoton da ke cikin faifan DVD yana da iyakar da ba ya wucewa. A tsarin hoton talabijin da ake kira PAL, wanda shi ne muke amfani da shi a Najeriya, hoton yana da ɗigo 720 a kwance da 576 a tsaye, wato ɗigo dubu ɗari huɗu da 'yan kai. Galibin talabijin masu inci 32 na sauƙin kuɗi kuwa fuskarsu tana da ɗigo 1366 a kwance da 768 a tsaye, sama da miliyan ɗaya ke nan. Saboda haka dole ne a buɗa hoton ya ninka kansa fiye da sau biyu kafin ya cika fuskar, kuma ɗigon da aka cike giɓin da su ƙirƙirarsu ake yi ta hanyar kintace daga na kusa da su. Tsohuwar talabijin ɗinka ba ta bukatar wannan aiki, domin an ƙera ta ne daidai da wannan tsari, kuma ƙanƙantar fuskarta tana rufa wa hoton asiri. Sabuwar ce ta tona abin da dama yake nan.

Abu na farko da nake so ka duba shi ne bayan na'urar taka. Idan wayar da ta haɗa su ita ce mai kai uku, rawaya da ja da fari, to nan ne babbar ɓarnar take. Ja da farin sauti suke ɗauka, rawayan kuma shi kaɗai yake ɗauke da hoto, inda ake cusa haske da launi a hanya guda, sannan a bar wa talabijin wahalar raba su. Na taɓa tsayawa a shagon wani mai gyara ina kallo ya gwada faifai ɗaya ta hanya biyu. Da wayar rawaya, jar hular da ke kan wani ɗan wasa sai launinta ya riƙa malalowa zuwa goshinsa, rubutun fassarar da ke ƙasa kuma gefensa yana rawa kamar tururuwa na bi. Da ya sauya zuwa wayar HDMI, wato waya mai kai ɗaya da ke ɗaukar hoto da sauti tare, hular ta tsaya a inda take, rubutun ya fito tar. Ba wata na'ura mai tsada ya yi amfani da ita ba.

Don haka idan na'urarka ba ta da ramin HDMI, sayen wadda take da shi zai kawo bambancin da ido zai gani, kuma kwalliya za ta biya kuɗin sabulu. Amma kafin nan ka duba ko tana da ramuka uku masu launin kore da shuɗi da ja, ka kuma duba ko talabijin ɗin tana da irinsu, domin wannan haɗin ya fi na rawaya nesa ba kusa ba, kuma waya kawai za ka saya.

Idan kuwa dama da HDMI kake kallo, shawarata ka riƙe kuɗinka. Rubutun 1080p da ake mannawa a kwalin wasu na'urori yana nufin na'urar ce za ta yi aikin buɗa hoton maimakon talabijin, ba wai ta ƙara wa faifan abin da babu a cikinsa ba. A fuska mai inci 32, daga inda mutum yake zama a falo, da wuya ka bambance aikin mai tsada da na mai araha.

Sai kuma shi kansa faifan, wanda a ganina shi ne aka fi mantawa da shi. Faifan DVD mai shafi ɗaya gigabait 4.7 yake ɗauka, abin da ya isa fim ɗaya mai kyau. Idan aka danna fim goma ko ashirin a ciki, kamar waɗanda ake tallarsu a tasha, an matse kowanne har ya rasa kamanninsa, shi ya sa kake ganin fuska tana farfashewa gida-gida idan wuri ya yi duhu. Tsofaffin finafinanmu na Hausa da yawa kuma a VCD aka buga su, mai ɗigo 352 a kwance da 288 a tsaye, kimanin kashi ɗaya cikin goma na abin da fuskar talabijin ɗinka take nema. Irin waɗannan babu na'urar da za ta gyara su, ko da ta Blu-ray ce, wato irin faifan da ya fi DVD ingancin hoto.

Akwai gyaran da ba ya cin ko sisi. Ka shiga saitin na'urar da rimot ka zaɓi 16:9, wato siffar fuska mai faɗi, domin tsofaffin na'urori da yawa suna nan a kan 4:3, siffar tsohuwar talabijin, abin da ke sa mutane su yi faɗi a sabuwar fuska. A talabijin kuma ka rage kaifin hoto da ƙarfin launi, saboda yawanci a cike suke zuwa daga kamfani don su ja ido a shago.

Idan bayan wannan ka yanke shawarar saye, ka tafi kasuwa da faifanka guda biyu, ɗaya mai fim guda ɗaya da ka san ingancinsa, ɗaya kuma cikin waɗanda suke ba ka matsala. Ka roƙi mai shagon ya kunna maka su da wayar HDMI a talabijin mai girman taka, ka ja baya kamar taku huɗu, ka dubi rubutu da gefen fuskokin mutane kafin ku yi ciniki.