Muryar kafinta ga Hajiya: a dakata da awon kicin

Assalamu alaikum jama'ar gurup. Hajiya ina wuni, ya zafi? Na ji muryarki tun azahar, ina wurin aiki ne, inji na ta ƙara. Kin ce za ki aiko mini da awon kicin ɗin sabon gidanki na Garin Malam in fara yanka katakon kabad, amma magini bai manna karo ba tukuna, wato tayil.

To Hajiya, don Allah a dakata. Shafe da karo suna cin santimita 2 ko 3 a kowane bango. Bara ya faru da ni a Zango. Maigida ya sa ɗansa ya auna da igiya, aka ce mini mita 3 da 20. Na haɗa, muka ɗora a amalanke, muka je, kabad ya ƙi shiga. Yatsa biyu kacal! Haka muka kwance shi a tsakar gida, uwargida na kallona kamar ni na gina bangon.

In an gama karo, a samo mita ta ƙarfe, ba ta tela ba, waccan tana miƙewa. Kowane bango a auna shi wuri uku: ƙasa, tsakiya, da sama. Za ki ga ba su zo ɗaya ba, bangonmu sai a hankali. Ƙaramin shi nake so. Kusurwa kuma, daga lungun a auna santimita 60 a bango ɗaya, 80 a ɗayan, a sa alama. In tsakanin alamun ya ba da 100 cif, lafiya lau, kusurwar ba ta karkace ba. In bai ba da ba, a faɗa mini, kar a rufa wa magini asiri.

Sauran kuwa sananne ne: zurfin kabad na ƙasa santimita 60, tsayi 85 zuwa 90, gwargwadon tsawon mai girki. Na sama a bar 55 ko 60 tsakani, kar Hajiya ta riƙa buga goshi.

Abin da mutane ke mantawa shi ne kayan da za su zauna ciki. Tukunyar gas, ƙarama ce ko babba? A auna ta har da kanta, kuma ƙofarta sai na huda mata iska. Firiji a bar masa kamar santimita 5 a baya, da zafin Damagaram in ya matsu ba ya sanyi. Sai jarkoki. Kin san halin pamponmu in bazara ta yi, ruwa sai tsakar dare. Ki ƙirga jarka nawa kike ajiyewa, in fitar musu da wuri a ƙarƙashin wurin wanke-wanke. A nuna mini inda bututu ya fito, da taga, da wurin jona wuta.

Kuma zan ɗaga kabad ɗin daga ƙasa santimita 10, saboda ruwan shara da gara.

Kai, ma dai bari. In magini ya gama ki kira ni in zo da mitata da kaina. Ban da Alhamis, ranar ina kasuwar Dole. A gaida Alhaji.