Tambaya da Amsa: Shin a soke ajin ƙarshe na sakandare?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ɗana yana aji biyar na sakandare, kuma na lura yayyensa biyu da suka gama kafin shi ba su ƙaru da wani abin kirki a aji shida ba, in ban da haddar tambayoyin shekarun baya, mu kuwa iyaye muna ta biyan kuɗin makaranta da na rajistar jarrabawa. Shin ba zai fi kyau gwamnati ta soke wannan aji ba? Kuma akwai laifi idan na yi masa rajistar jarrabawar 'yan waje tun bana, ya tsallake ajin? Daga wani mahaifi a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam, Allah ya raya mana zuriya. Abin da ka gani gaskiya ne, ni ma na gan shi da idona shekarun da nake koyarwa. Da zarar an kammala rajistar WAEC da NECO, sai ka shiga aji da alli a hannu ka tarar rabin bencina babu kowa, waɗanda suka zo kuma kowanne ya kifa kai a kan ɗan littafin tsofaffin tambayoyi, idan ka fara sabon darasi sai wani ya ɗaga hannu cikin ladabi ya ce, "Malam, wannan zai fito?" Jarrabawar JAMB takan zo wajajen watan Afrilu, ta WAEC ta biyo baya a Mayu da Yuni, ta NECO kuma ta ɗora, saboda haka zango na uku dama ba na karatu ba ne, na biyun ma rabi da rabi ne.

Amma duk da haka ban goyi bayan a soke ajin ba, kuma babban dalilina shi ne, ciwon ba a jikin lambar ajin yake ba, a jikin kasancewarsa na ƙarshe yake. Ranar da aka cire aji shida, aji biyar ne zai zama na ƙarshe, jarrabawar ta sauko kansa da duk tarkacenta, wato rajista da hadda da guje wa darasi, ga shi kuma manhajar da aka tsara wa shekara uku, wadda malamai da yawa ko yanzu ba sa iya kai ƙarshenta, za a cusa ta cikin shekara ɗaya da 'yan watanni.

Na san masu shekaru irin namu za su ce ai a da shekara biyar ake yi, daga Fom Wan zuwa Fom Fayif, kuma an sami ilimi mai nagarta. Haka ne, sai dai ana mantawa cewa mai son shiga jami'a a wancan zamani yakan ƙara wani karatun share fage, ko dai shekara biyu na HSC, ko kuma makarantar share fage irin wadda Jami'ar Ahmadu Bello ta yi suna da ita a nan garinku. Da aka fara tsarin 6-3-3-4 (shekara shida na firamare, uku na ƙaramar sakandare, uku na babba, huɗu na jami'a) a shekarar 1982, aka rubuta jarrabawar kammala babbar sakandare ta farko a 1988, aji shida ya ɗauki wani ɓangare na wancan aiki. Idan aka cire shi ba tare da an maido da abin da ya gada ba, jami'a ce za ta karɓi yaran da ba su nuna ba.

Wasu ƙasashe sun gwada. A Amurka, wani ɗan majalisar jihar Utah mai suna Chris Buttars ya kawo shawarar soke aji na 12, wato ajin ƙarshe na sakandarensu, a shekarar 2010 don rage kashe kuɗi, amma da suka ta yi yawa sai ya sassauta zuwa zaɓi, shawarar kuma ba ta zama doka ba. Darasin Jamus ya fi kama da namu. A farkon shekarun 2000 yawancin jihohin yammacin ƙasar suka rage shekarun makarantun da ke kai yara jami'a daga tara zuwa takwas, ba tare da rage abin da ake koyarwa yadda ya kamata ba, yara suka riƙa yini a makaranta, iyaye suka yi ta ƙorafi, har jihohi irin su Bavariya suka koma shekara tara.

Abin da nake ganin ya dace shi ne a ceto shekarar. A kammala manhaja kafin ƙarshen zango na farko, a ba aikin ɗakin gwaji haƙƙinsa, domin abin takaici ne yaro ya fara riƙe kayan gwajin kemistiri mako guda kafin jarrabawa, sannan makarantu su daina karɓar baƙin ɗaliban da ba a ganinsu sai ranar rubuta takarda, don ta wannan ƙofa satar amsa take shigowa.

Game da ɗanka kuwa, Malam, shawarata kada ka tsallakar da shi. Shekara 16 ce mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a, in ban da 'yan tsirarun haziƙai da ake tantancewa ta musamman, don haka idan bai kai ba, zaman gida zai yi da takarda a hannu, zaman da ya fi ajin da kake gudu hatsari. Ko ya kai, kiredit biyar ɗin da ake nema ƙofa kawai suke buɗewa, ba su ne za su zauna masa a ajin farko na jami'a ba, inda malami zai ɗauka ya san abin da aka tanadar wa aji shida. Ka je makarantar tun farkon shekara, ka nemi malaman darussan da zai rubuta su nuna maka inda suka tsaya a manhaja da abin da ya rage, ka kuma riƙa duba littattafan rubutunsa duk ƙarshen mako. Bayan takardarsa ta ƙarshe, watannin jiran sakamako su zama na koyon kwamfuta ko wata sana'ar hannu a wurin wanda ka amince da tarbiyyarsa.