Tambayoyinku: Faiba Ta Tsaya a Bakin Titi

Tambaya: Malam, wata takwas ke nan da aka haƙa rami a babban titinmu aka binne wayar faiba, wato wayar intanet mai sauri, amma har yau ba ta shigo layinmu ba. Sau biyu ina cike fom. Sai yaushe? Daga mai karatu a Hotoro.

Amsa: Ɗan'uwa, wadda ka ga an binne ba taka ba ce tukuna. Galibi babbar jijiya ce mai kai sabis ga turakun sadarwa da bankuna da manyan ofisoshi. Kafin ta shigo lungu sai an kafa akwatin rabawa, a ja ƙananan wayoyi gida-gida, kuma wannan ɗan guntun shi ke cin kuɗi. Kamfani lissafin ɗan Kwari yake yi: gida nawa ne a layin za su riƙa biya duk wata?

Ga kuma kuɗin izinin haƙa. Tun 2013 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta tsayar da naira 145 kan kowace mita, sai da gwamnoni suka sake alkawarin bin haka a 2020, don jihohi da dama suna karɓar ninkin-ba-ninki. Ko a wancan farashin, kilomita guda naira 145,000 ce, ba a sayi waya ba, ba a sallami lebura ba. Saboda haka ka bar cike fom kai kaɗai. Tara maƙwabta ashirin masu niyyar biya, ku rubuta takarda, ku sa mai unguwa a gaba.

Amma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, ko ta iso, mu ne za mu tsinke ta. Bara a layinmu wani maƙwabci ya ɗauko lebura gyaran kwata. Sara uku da diga, sai ga baƙar roba ta fito. Yaron ya ja, ya datse, ya naɗe ta a gefe, wai ta tare masa hanya. Kwana biyar gidaje goma sha ba intanet, maigidan kuwa yana cikin masu tsine wa kamfani a majalisa! Su kuma masu neman jari-bola da ke yanka ta da dare, don Allah wani ya gaya musu babu tagulla a ciki. Zaren gilashi ne siriri kamar gashin kai, haske ke gudu a cikinsa, ko ƙwandala ba za a ba ka a kansa ba. Ba kuma a murɗa shi a naɗe da salatif kamar wayar fanka; na'ura ce ke daidaita bakunan biyu ta narkar da su su haɗe. Tun 2024 gwamnatin tarayya ta sa kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa, lalata su laifi ne. In ka ga katafila ta doso layinku, fita ka nuna wa direba inda wayar ta bi.

Tambaya: Na biya kuɗin intanet mai gudun 50, amma in ina sauke fim 6 nake gani. An cuce ni ne? Daga ɗalibi a Kabuga.

Amsa: Ba wanda ya cuce ka sai malaminka na lissafi. Da megabit suke sayarwa, wayarka megabait take nunawa. Megabit 8 ne megabait ɗaya, sai ka raba 50 gida 8.

Tambaya: In ci gaba da jiran faiba, ko in sayi rautar 5G, akwatin nan mai raba intanet a gida? Daga wata 'yar kasuwa a Ɗorayi.

Amsa: Hajiya, kar ki tsayar da cinikinki kan jiran gawon shanu. Kano na cikin biranen da MTN ya fara kunna 5G a 2022, sai dai ba kowane lungu yake kaiwa ba. Ari ta wani ki gwada a ɗakinki, da rana da kuma bayan isha'i lokacin da kowa ya hau, kafin ki tafi kasuwar waya ta Farm Centre. Kuma a ɗora ta sama kusa da taga, ba cikin kwaba bayan kwanukan samira ba.

Tambaya: In an ɗauke wuta, faiba tana aiki? Daga Kurna.

Amsa: Zaren ba ruwansa da wuta, akwatin da ke bangonka ne ba ya azumi. Sayi ƙaramin batirin rauta, awanni zai riƙe maka. Ni nawa ya girmi autana.