Ciyawar bakin teku da ake gani a bidiyo, za ta yi a fadamar Jos kuwa?

Wani ɗan'uwa mai noman rani ta wajen Bukuru ya turo tambaya, yace lambunshi yana bakin tsohon kududdufin kuza, in rani yayi nisa sai wani fari-fari ya fito saman kunya, kabeji ya tsaya cak. To sai yaga bidiyo a Facebook na wata ciyawa wai ita Spartina mai tsirowa cikin ruwan gishiri, shine yake tambaya ko yasa a kawo mishi irinta, ta shanye gishirin, shanunshi kuma su samu abinci.

Malam don Allah kar ka soma. Ita wannan ciyawar asalinta gaɓar tekun Atlantika ce ta ɓangaren Amurka, cikin laka take zama inda ruwan teku ke tasowa ya rufe ta ya janye kullum. Kuma ba shanye gishiri take ta ɓoye ba, wasu 'yan ƙofofi gareta a ganye da suke tofar da gishirin waje, in rana ta buga har zaka ganshi ya bushe a jikin ganyen, sai teku ya dawo ya wanke. A lambunka na Bukuru wane tekun ne zai zo ya wanke? Ƙasa zai koma inda ya fito, kayi aikin banza.

Inda kuma ta samu wuri ya karɓe ta, nan ne ake kuka da ita. Saiwarta tana tafiya a ƙarƙashin laka tana fidda sabon kai nan da can, 'ya'yanta kuma ruwa ke ɗauka ya kai gaba, guntun saiwa ɗaya da ya tsinke ma ya isa ya kafa sabon gari. A Ingila jiragen ruwa ne suka kai ta wajen Sawthamton a ƙarni na 19, ta haɗu da 'yar uwarta ta can ƙasar aka samu sabon iri wajen 1870, daga baya wani irin da ya fito daga wannan ya fi iyayenshi ƙarfi ya mamaye lakar bakin teku. Ƙasar Sin kuwa da hannunsu suka ɗauko ta daga Amurka a 1979 don ta riƙe musu gaɓa kar ruwa ya cinye, kuma ta riƙe ɗin, amma ta rufe filayen lakar da tsuntsaye ke kiwo, ta toshe hanyoyin ruwa, zuwa 2003 sun saka ta cikin jerin baƙin tsirrai masu ɓarna, yanzu kuɗi suke zubawa ba kaɗan ba wajen cire ta. Mu ma nan gida mun ɗanɗana irin wannan, itacen nipa, wani dangin kwakwa mai tsirowa a bakin ruwa, da aka kawo Kalaba a 1906 har yau yana cin dazukan bakin ruwan Neja Delta. Balle ma shigo da iri daga waje sai da izinin hukumar killace kayan gona ta ƙasa, ba abin da ake sawa a aljihun jaka bane.

Batun farin nan naka kuwa, Jos ƙasar ruwan sama ce, ba kasafai gishirin gaske ke zama a nan ba. Abin da nafi gani shine takin zamani da aka zabga da yawa, ga ban ruwa kaɗan-kaɗan da baya ratsa ƙasa, rana ta tsotse ruwan ta bar ragowar a sama. Ka gyara magudana, lokaci-lokaci ka bawa kunyar ruwa mai yawa ya sauka ƙasa, ka raba takin kashi-kashi maimakon zubawa lokaci ɗaya, ka ƙara takin gargajiya da ya ruɓe sosai. In kana da hali a gwada ƙasar da ruwan kududdufin. Shanu kuma ga gamba, ga ciyawar giwa, ga harawar wake da ta gyaɗa.

Sai wata Hajiya mai lambu ta wajen Lamingo, tace kachalla ce ta fara fitowa a bakin tafkin da take jan ruwa, ta sa yara sun ƙone ta amma ta dawo fiye da da.

Hajiya gara da kika yi magana tun tana 'yar kaɗan. Kachalla ta ruwan daɗi ce ba ta gishiri ba, amma halinsu ɗaya da waccan, saiwa a ƙasa, iska kuma ta cikin ganye take sauka zuwa saiwar. Wuta sama kawai take ci, tokar ma taki ce gareta. Ki tambayi mutanen Haɗeja da Nguru, tunda aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992 ruwa ya daina ƙafewa da rani a wurare da yawa, kachalla ta cika hanyoyin ruwa, masunta da manoman shinkafa suka shiga uku, ga jan baki sun samu wurin kwana.

Abin yi, a yanke ta ƙasa da saman ruwa yadda kututturen zai nutse gaba ɗaya, in bata samu iska ba saiwar ruɓewa take. A yi haka kafin ta fidda kan nan nata mai kama da zangarniyar gero, don in ya fashe iska ke watsa 'ya'yan ko'ina. Zata sake tohowa, a sake yanka, sau biyu ko uku, wadda ke bakin gaɓa inda ruwa baya rufewa kuma sai an sa fartanya an tono saiwar. Abin da aka yanke a kwashe shi nesa da ruwa ya bushe. Maganin feshi kuwa ban yarda dashi ba a tafkin da ake ban ruwan latas da karas, dabbobi ma suna sha.