Agogo Ya Sabunta Manhaja, Lissafi Ya Rikice: Amsoshin Wasiƙunku

Ni ma'aikaci ne a Kaduna. Da can agogona na zamani (smartwatch) taku 5,000 zuwa 6,000 yake ba ni a rana. Tun da ya sabunta manhajarsa makon jiya sai nake ganin 13,000, alhali daga gida sai ofis, kuma a Keke Napep nake zuwa. In sayar in sayi wani?

Kada ka sayar, Malam. Mai saye rabin kuɗi zai taya, kai kuma ka je ka ɗauko wani mai irin halin.

Agogo ba ya ganin ƙafarka. A cikinsa akwai wata 'yar na'ura da ba ta fi ƙwayar shinkafa ba, aikinta jin motsin hannu ta fuskoki uku. Manhaja ce ke yanke hukuncin wace girgiza ce taku, wacce ce ba taku ba. Sabuntawa ba ta taɓa na'urar, ma'aunin hukuncin take sauyawa. In aka sassauta shi, tsallen keke a kan ramuka, wanki, daka, tuƙa tuwo, har jifan hannu wajen musun ƙwallo, duk sai su shiga lissafi. Manyan kamfanoni ma na yin wannan tuntuɓe. A watan Maris na 2025 Google ya sauya lissafin taku a agogon Pixel Watch don ya riƙa kama takun mai tura keken jarirai ko keken kanti, wanda hannunsa ba ya lilo. Sai ƙirgar wasu ta yi yawa, kamfanin ya dawo da tsohon lissafin a wata sabuntawar.

Ka fara gano inda ɓarnar take. Nemi fili shimfiɗaɗɗe, duba lambar da ke fuskar agogo, ka yi taku 500 ba tsayawa kana ƙirgawa da 'yar na'urar tasbihin nan ta yatsa a ɗaya hannun. Jira minti ɗaya ka sake dubawa. In bambancin ƙirgarka da ta agogo bai wuce 25 ba, ƙirgar tafiya lafiya lau take. Gobe ka duba lamba kafin ka hau keke da bayan ka sauka. A nan nake zaton za ka kama ɓarawon. Sannan ka gwada lambar agogo da ta manhajar waya. In ta waya ta kusa ninka ta agogo, to waya da agogo ne kowa ke ƙirga nasa ana haɗawa, sai ka shiga saiti ka bar agogo kaɗai a matsayin mai ƙirga.

Gyara kuwa daga mai sauƙi ake farawa. Kashe agogo da waya ka kunna. Duba tsawonka, nauyinka da hannun da ka ce kana ɗaurawa, don wani lokaci sabuntawa kan mayar da su yadda suka zo daga kamfani. A agogon da ke tambaya ko hannun da ka fi aiki da shi ne, ka ce e ko da na hagu ne, domin wannan saitin na rage masa saurin ɗaukar ƙaramin motsi. In nisan tafiya ne ya karkace, mai Apple Watch ya shiga sashen sirri a manhajar Watch ya goge tsohon awon motsa jiki, ya fita waje inda GPS ke kamawa ya yi tafiyar minti 20 yadda ya saba. In duk bai yi ba, raba agogo da waya ka sake haɗa su. Mayar da shi sabo fil shi ne na ƙarshe, kuma sai bayan bayananka sun gama hawa waya. In har yanzu yana ƙari, laifin daga kamfani ne, ka jira gyaransu, kuɗinka kuma ya zauna a aljihu.

Ina da shekara 34, daga Katsina. Bugun zuciyata in ina hutawa 68 ne ko 70. Bayan sabuntawa sai agogo ke nuna 90, wani lokaci 105 ina zaune. Kwana uku ban yi barcin kirki ba don tsoro.

Sannu, 'yar'uwa. Kwantar da hankalinki, wannan abu ne da za ki iya tantancewa yau a ɗakinki ba ko sisi. Zauna minti biyar ba magana. Ɗora yatsu biyu, manuniya da na tsakiya, a cikin wuyan hannu ƙasan babban yatsa, ki ƙirga bugun na minti ɗaya cif, sannan ki dubi agogo. Yi haka da safe kafin shayi, da rana, da dare, kwana uku, kina rubutawa. Ga babban mutum mai hutawa, 60 zuwa 100 ake ɗauka daidai. In yatsunki sun ce 70 agogo ya ce 95, yatsunki ne masu gaskiya.

Ga yadda yake kuskure. Koriyar fitilar nan da ke walƙiya a bayansa tana haska fata, jini na shanye koren haske, wani ɗan ido kuma na auna abin da ya dawo. Da kowane bugu jini kan ƙaru a jijiya, haske ya ragu. Canjin ɗan mitsitsi ne, kuma manhaja ce ke tace shi daga cikin hayaniyar motsi da hasken waje. Duk abin da ya raunana hasken na ba ta damar yin kuskure: ɗauri sako-sako, busasshen sabulu ko man shafawa a kan gilashin baya, zanen lalle mai duhu daidai wurin, sanyin hunturu da ke rage jini a fata. Duhun fata ma na shan koren haske fiye da farar fata, shi ya sa ɗauri mai kyau ya fi zame mana dole. Goge bayan agogon da tsumma mai ɗan danshi, ki matsar da shi sama da ƙashin wuyan hannu kamar faɗin yatsa ɗaya, ki ɗaure yadda ba zai zame ba amma bai bar shaida a fata ba. Bayan alwala ki tsane hannu kafin ki mayar.

Amma in yatsunki ma sun ce 100 ko fiye kina hutawa, to ki bar zargin agogo, sabuntawar ta zo ne kawai a kan gaɓa. Zazzaɓin cizon sauro, ƙarancin jini, juna biyu, rashin shan ruwa a zafi, goro da kofi, har tsoron kansa, duk suna ɗaga bugu. Ki je asibiti da takardar da kika rubuta. In kuwa da ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, jiri ko suma, ba a jiran kwana uku.

Agogona ya daina ba ni kalori (ma'aunin kuzarin da jiki ya ƙona) 900 a tafiyar yamma, yanzu 500 yake bayarwa. Wanne zan bi wajen cin abinci?

Ko ɗaya. A 2017 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun gwada irin waɗannan na'urori guda bakwai. A bugun zuciya shida sun yi abin kirki, amma a kalori wadda ta fi kowacce ƙoƙari ta kauce da kashi 27 cikin ɗari, ta ƙarshe da kashi 93. In uzurin ƙarin tsire da lemon kwalba kake nema, nemi wani, ka ƙyale agogo.

Na saya wa mahaifinmu agogo mai auna hawan jini da suga, wai Ultra, a kasuwar waya. Da yana nuna 120 bisa 80, Baba ya ji daɗi har ya rage shan magani. Bayan manhajar waya ta sabunta sai lambobin suka canza. Yaya zan dawo da na da?

Ajiye maganar manhaja, ɗan'uwa. Baba ya koma kan maganinsa yadda likita ya rubuta, yau ɗin nan, gobe kuma a kai shi a auna shi da na'urar da ake ɗaurawa a dantse. Lambobin da kake son dawo da su ba awo ba ne tun farko.

Wannan ita ce wasiƙar da ta fi ɓata mini rai, kuma ba kai kaɗai ba ne. Apple Watch Ultra na gaske dala 799 ya fito a 2022. Ka buga da canjin yau, ka gwada da abin da ka biya. Na gasken ma ba ya ba da lambar hawan jini, ba ya auna suga. To ta yaya wanda bai kai kuɗin maɗaurinsa ba zai iya? A watan Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fito ƙarara ta ce ba ta amince da wani agogo ko zobe da ke iƙirarin auna suga ba tare da huda fata ba, ta kuma gargaɗi mutane su guje su. Agogon Samsung da ke ƙiyasin hawan jini sai an daidaita shi da na'urar dantse duk mako huɗu, in ba haka ba ya ƙi aiki. Kamfanin da ya zuba maƙudan kuɗi a bincike ke nan. Shi kuwa jabu, da yawansu fitila ce kawai ke ƙyaftawa, manhaja na zaɓo lamba mai daɗin ji: 118 bisa 78, 122 bisa 81. Ba ya taɓa tayar wa kowa hankali, kuma illarsa ke nan, domin hawan jini ba ya sallama kafin ya kayar da mutum. Dattijon da jininsa ke 170 ya ga 120 a hannunsa, me zai hana shi ajiye ƙwaya?

Abin da ke ba ni mamaki, mutum zai yi rabin sa'a yana ƙwanƙwasa kankana kafin ya biya, amma abin da zai dogara da shi a kan lafiyar mahaifinsa sai ya saya don kwali ya yi kyau kuma an haɗa masa da maɗauri bakwai. Maɗauri bakwai! Wane kamfanin kirki ne ke rarrashinka da wannan? A Farm Centre a Kano ko Banex a Abuja akwai gangariya akwai jabu, wani lokaci a shago ɗaya, kuma mai shago na gaskiya zai faɗa maka wanne ne wanne in ka tambaya kai tsaye. Matsalar ba a tambaya, ana son a ɗaura abin da za a gani a wurin biki.

Ga yadda ake gwadawa kafin a biya. Apple Watch na gaske da iPhone kaɗai yake haɗuwa, ta manhajar Watch. In an ce ka ɗauki hoton wata alama ka sauko da wata manhaja daban, ko ya haɗu da Tecno ɗinka, magana ta ƙare. Lambar da ke jikin kwali ba hujja ba ce, masu jabu na kwafarta. Gwajin ɗora agogo a kan tebur a ga ko zai ba da bugu yana taimakawa, amma bai isa ba, don na gaske ma kan ruɗe a kan abu mai mayar da haske. Wanda ba ya ƙarya shi ne na matakala: auna bugu kana tsaye, ka hau bene ka sauko da sauri na minti biyu, ka sake aunawa kana ƙirgawa da yatsu. Zuciyarka za ta haura 100. In agogo na nan yana lilo tsakanin 72 da 85, ajiye masa kayansa. Mai ƙaramin ƙarfi ya sayi na kamfanin da ke da suna da garanti, irin su Oraimo, Xiaomi ko Huawei, ya karɓi rasit, ya ɗauke shi a matsayin mai ƙirga taku da bugu. Wanda kuma ke da mai hawan jini ko suga a gida, kuɗin agogo ya tafi ga na'urar dantse da na'urar suga mai tsinke daga kemis ɗin da aka sani. Na dantsen ma a kai shi asibiti sau ɗaya a gwada shi da nasu.

Agogon Baba ya ci gaba da nuna lokacin salla, wannan zai iya.

Awon oksijin na jinina a agogo da dare yakan sauka kashi 89 cikin ɗari tun bayan sabuntawa, da rana 97. Ba na jin komai.

Kwanciya a kan hannu ko sakin maɗauri na jawo haka, kuma awon oksijin da haske ya fi rauni a fata mai duhu. Wani bincike na Jami'ar Michigan a 2020 ya nuna ko na'urar yatsa ta asibiti ta fi kasa gano ƙarancin oksijin a baƙaƙen fata kusan sau uku, wato ta fi karkata ga nuna lafiya inda babu. Don haka 97 ɗin ma kada ka rantse da shi. Tambayi mai ɗakinka: kana minshari mai ƙarfi, numfashi na ɗaukewa, kana tashi da ciwon kai da barcin rana? In e, ga likita. In a'a, gyara ɗauri ka duba mako guda.

To in kashe sabuntawa gaba ɗaya?

A'a, da ita ake toshe ɓaraka da gyara kurakuran baya. Kashe mai yin kanta dai, ka bar sabuwar manhaja ta yi mako biyu a gari ka ji abin da masu irin agogonka ke cewa, domin yawancin agoguna ba sa komawa tsohuwar manhaja in an hau sabuwa. Ranar da za ka yi, batir ya wuce rabi, agogo na kan caja, cajar kuma a jikin abin ajiyar wuta, kada a ɗauke wuta aiki na tsaka. Da an gama, masu Tecno, Infinix da itel su duba ko tsarin tattalin batir bai sake rufe manhajar agogon a bayan fage ba, su kuma tabbatar izinin motsa jiki da na Bluetooth na nan. Awon barci da na gajiya kuwa a ba su mako ɗaya zuwa uku, don sai sun sake koyon jikin mai su.